Me Aka Saya, Kuma Don Wa? Jawabi Kan Rukuni da Aji a Lissafin Kuɗin Aljihu



Sa'ad da aka sa mu cikin jerin masu magana a yau, aka kuma ji cewa batun lissafin kuɗin aljihu za mu taɓo, wani abokin karatunmu ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ina ruwan ɗalibi da lissafi, shi da guzurinsa ba ya kai shi tsakiyar wata? Mun ji maganarsa, amma ba mu karɓa ba. Attajiri in ya yi kuskuren lissafi, ribarsa ce za ta ɗan ragu. Ɗalibi kuwa, ko ƙaramin ma'aikacin da bai daɗe da fara ɗaukar albashi ba, in ya yi irin wannan kuskure tuwon dare zai rasa. Ashe ke nan mu ne muka fi kowa bukatar sanin inda kuɗi su ke bi.

Ba dukan fannin za mu ɗauko ba, domin lokaci ba zai bari ba. Abu guda za mu tsaya a kai, watau wata dabara da masu ƙirƙiro manhajojin lissafin kuɗin gida na kwamfuta suka daɗe da sakawa cikin kayansu, alhali kuwa ba kowane mai amfani da su ya kula da ita ba. Dabarar ita ce a yi wa kowace naira da ta fita tambaya biyu maimakon ɗaya. Ta farko: me aka saya da ita? Amsar wannan ita za mu riƙa kira rukuni, kamar abinci, kuɗin mota, magani, haya, littattafai, katin waya. Ta biyu: don wa aka saya, ko kuwa don wace hidima? Amsar wannan ita za mu kira aji. Ba ajin da mu ke zama mu ɗauki darasi mu ke nufi ba, aji ne irin na rarrabe kaya: wannan na kai ne, wannan na gida, wannan na ofis, wancan na aikin binciken shekarar ƙarshe.

Bari mu fara da abin da ya same mu, don kada a ce da ka mu ke magana. Bara waccan muna cikin kwamitin wata ƙaramar ƙungiyar ɗalibai, kuma a shekarar mun yi hidima uku: mun buga mujalla, mun yi makon al'adu, mun kuma kai sababbin ɗalibai yawon buɗe ido. Ma'ajinmu mutum ne mai amana, ba a taɓa jin kansa da kowa a kan sisi ba, littafinsa kuwa tsaf, kowane abin da aka kashe da rasidinsa. Ya raba shafukansa rukuni-rukuni: sufuri, buga takardu, abinci da abin sha, hayar kujeru da lasifika. Ranar babban taro, bayan an karanta rahoto, sai wata 'yar'uwa ta miƙe daga can baya ta yi tambaya ɗaya tak, ta ce nawa makon al'adu ya ci? Ma'aji ya buɗe littafi, ya rufe, ya sake buɗewa. Jimillar sufuri tana nan, amma motar da ta ɗauko makaɗa, da wadda ta kai mujalla maɗaba'a, da wadda ta yi yawon buɗe ido, duk suna cikinta a cakuɗe. Haka katunan gayyata da shafukan mujalla su ke tare a ƙarƙashin buga takardu. Kafin ya gama lalube zauren ya ɗauki surutu, har wani ya furta kalmar da ba ta da daɗin ji. Kwana uku muka yi muna bin rasidai ɗaya bayan ɗaya kafin mu fid da amsa, lissafi kuwa ya cika cif, ko kwabo bai ɓata ba. Amma waɗanda suka ji zargin sun fi waɗanda suka ji wankewar yawa, kuma har ya gama makaranta bai sake yarda ya riƙe wa kowa kuɗi ba. Littafin nasa bai yi ƙarya ba. An tsara shi ne ya amsa tambaya ɗaya, sai aka yi masa wata dabam.

To, mai sauraro zai ce ai gyaran ba wuya, sai a ƙara rukunai: a buɗe sufurin mujalla, sufurin makon al'adu, sufurin yawon buɗe ido, a yi haka ga abinci, a yi haka ga takardu. Nan kusan kowa ya ke nufa da farko, kuma nan ramin ya ke. Mu ɗan yi lissafin dokin Rano, amma na gaskiya. Idan mutum yana da rukuni 20 da hidima 6, ya ce sai ya buɗe wa kowane haɗi shafinsa, shafi 120 zai buɗe. In ya so kuma ya san inda kuɗin suka fito, a ce hanyoyi 4, shafukan sun zama 480. In kuwa ya bar kowace tambaya a gurbinta, sunaye 30 kawai zai riƙe, watau 20 da 6 da 4. Can ninkawa a ke yi, nan kuwa tarawa. Bugu da ƙari, wanda ya farfasa rukunansa bai tsira ba, domin ranar da aka tambaye shi jimillar sufuri gaba ɗaya sai ya bi shafi shida yana tattarowa. Jerin rukunai kamar itace ya ke, gindi ɗaya ne da rassa; duk tambayar da aka sa a gindi, ɗayar sai ta watse cikin rassa. Masaƙi ya san wannan tun tuni: bayan ya yi wadari sai ya kawo abawa ta ratsa, sa'an nan a sami zane.

Yanzu mu leƙa inda manhajojin nan suka fito, domin sanin dalilin abu yana taimaka wa mai aiki da shi. A shekarar 1983 wasu mutum biyu, Scott Cook da Tom Proulx, suka kafa kamfanin Intuit a jihar Kalifoniya ta Amurka, suka fito da manhajar Quicken. Hikimarsu ita ce sun sa fuskarta ta yi kama da takardar cek da ɗan littafin da Ba'amurke ya saba rubuta abin da ya biya a ciki, saboda haka ko wanda bai taɓa zama akawu ba yana iya aiki da ita. A 1991 kamfanin Microsoft ya fito da tasa, mai suna Microsoft Money. Gasa ta yi zafi har a 1994 Microsoft ya nemi ya saye Intuit ɗungurungum a kan dala miliyan 1,500, Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta kai ƙara don ta hana, aka fasa cinikin a 1995.

Abin da ya sa Amurkawa su ke wahalar da kansu da irin wannan lissafi shi ne haraji. Mutum shi ya ke cika takardar harajinsa kowace shekara, wa'adi kuwa galibi 15 ga Afrilu ne. Wanda ya ke da gidajen haya akwai wata takarda ta musamman da zai cika, ana kiranta Schedule E, kuma in kun ga yadda aka zana ta kun ga dukan jawabinmu a shafi ɗaya. A kwance an jera abubuwan da a ke kashe kuɗi a kai, irin su talla, gyare-gyare, inshora, kuɗin ruwa na bashin sayen gida, haraji, wuta da ruwa. A tsaye kuwa an ba kowane gida gurbinsa, gida na A, na B, na C. Mai gida uku da ya rubuta "gyara" kawai a littafinsa, bai ce na wane gida ba ne, ya shiga irin halin da ma'ajinmu ya shiga, shi kuwa ba ɗalibai ne za su tuhume shi ba, hukumar haraji ce.

Quicken ta magance wannan ta hanyar rubutu: a rubuta rukuni, a sa ruwa biyu a rubuta ƙaramin rukuni, sa'an nan a ja layi a karkace a rubuta aji. Da da Hausa za a yi, sai a ga Mota:Mai/Ofis, watau kuɗin mota ne, na mai, kuma don aikin ofis. Money kuwa ta fi faɗaɗa abin. Bayan rukuni ta ba mutum ma'auni har biyu da zai raɗa wa sunan da ya ga dama, kowanne da azuzuwansa da ƙananan azuzuwansa. Wani zai sa na farko ya zama mutanen gida, na biyu kuma gidaje, ko ayyuka, ko tafiye-tafiye. Daga nan in ya nemi rahoto sai manhaja ta jera masa rukunai a gefe ɗaya, azuzuwa a ɗaya gefen, kowace mahaɗa da adadinta. A ganinmu wannan tsari na Money shi ne mafi tsabta da aka yi wa mai lissafin gida, ko da ya ke kamfanin ya daina sayar da manhajar a tsakiyar 2009.

Daga baya yayi ya sauya. Tun daga fitowar 2008 Quicken ta maye gurbin aji da abin da za mu kira laƙabi, watau wata kalma da a ke liƙa wa abin da aka kashe, kuma ana iya liƙa masa fiye da ɗaya. Manhajojin waya na yau da yawa laƙabi su ke bayarwa. Nan akwai kashedi da ya kamata a riƙe. Aji, a ma'auni guda, ɗaya a ke zaɓa: kuɗin nan ko na gida ne ko na ofis, ba za su zama duka biyu ba. Saboda haka in an tara jimillar azuzuwa tilas ta zo daidai da jimillar abin da aka kashe, in ba ta zo ba an san akwai kuskure. Laƙabi ba shi da wannan ƙa'ida. A ce mutum ya sayi atamfa ta naira 20,000, ya liƙa mata "gida", ya kuma liƙa mata "Salla". Rahoton gida zai nuna 20,000, na Salla ma zai nuna 20,000, wanda ya tara su ba tare da lura ba zai ga 40,000, alhali turmi ɗaya aka saya. Wanda manhajarsa laƙabi kawai ta ke da shi, sai shi ya kafa wa kansa doka: ya raba laƙabansa gida-gida, ya ce waɗannan na amsa "don wa" ne, waɗancan na amsa "wace hidima", kada ya ɗauki biyu daga gida ɗaya, kada kuma ya tara jimillar wani gida da ta wani.

Akwai kuma GnuCash, wadda kyauta ce, tana nan tun 1998, ɗaliban akanta kuma suna sonta domin tana bin ƙa'idar shigarwa biyu irin ta ƙwararru. Amma itace ɗaya ta ke da shi na asusai, ba ta da gurbi na musamman don aji. Masu amfani da ita sai su rubuta wata kalma a wurin bayani, in suna bukata su nemo ta. Yana yi, amma da ɗingishi.

Yayyenmu ma'aikata, musamman waɗanda su ke ofishin kasafi ko na ma'aji, za su ce ai wannan ba baƙon abu ba ne, kuma sun yi gaskiya. Tsarin lambobin asusu na ƙasa da gwamnatocin Nijeriya su ke shirya kasafi da shi kashi shida gare shi, lambobinsa in an jera su 52 ne. Kowane kuɗi da zai fita sai an nuna ma'aikata ko hukumar da ta kashe, da irin abin da aka kashe a kai, da fannin aikin gwamnati da ya shafa, da shirin da ya ke ƙarƙashinsa, da asusun da kuɗin suka fito, da wurin da aka yi aikin. Kashi na biyu shi ne rukuninmu: 21 albashi da haƙƙoƙin ma'aikata, 22 sauran hidimomin yau da kullum, 23 manyan ayyuka. Fannin aiki kuwa an ɗauko shi daga wani tsari na Majalisar Ɗinkin Duniya da ya raba aikin gwamnati gida goma, inda lafiya ta ke 707, ilmi 709. Amfaninsa shi ne, asibitin da ke cikin barikin soja ma'aikatar tsaro ce za ta kashe masa kuɗi, amma aikinsa na lafiya ne. Da ma'auni ɗaya a ke da shi, da an rasa inda za a sa shi. Abin mamaki shi ne ma'aikaci zai wuni yana cika ma'auni shida a kan kuɗin gwamnati, ya koma gida nasa albashin ko ma'auni ɗaya ba ya samu.

Ba mu ce kowa ya yi shida ba. Biyu sun isa, uku in an matsa. Abin da ya fi wuya shi ne rarrabe abin da ya cancanci zama rukuni da wanda ya cancanci zama aji, kuma ga gwajin da mu ke yi. Rukuni abu ne da za a iya gani a rasidi, kuma ba ya ƙarewa: bana za a sayi abinci, baɗi ma haka. Aji kuwa ba a ganinsa a rasidi, a zuciyar mai saye ya ke, kuma sau da yawa mutum ne, ko wuri, ko hidima mai farko da ƙarshe. Biki ba rukuni ba ne, ko da ya ke kowa haka ya ke rubuta shi. A cikin biki akwai ɗinki, akwai mota, akwai gudummawa, akwai abinci, kuma biki yana wucewa. Haka Salla, haka jinya, haka aikin binciken shekarar ƙarshe. Wanda ya mai da su rukunai, bayan shekara uku jerinsa zai cika da sunayen hidimomin da aka daɗe da mantawa, kuma ba zai taɓa sanin abin da ya ke kashewa a ɗinki ba, domin rabi yana ƙarƙashin tufafi, rabi ya ɓuya cikin bukukuwa.

Mu ɗauki misali, adadin kuwa namu ne don kwatanci. Wani ƙaramin ma'aikaci ya je gida duba mahaifiyarsa. Mota zuwa da dawowa 16,000, tsaraba 9,000, magani 12,000, katin waya 1,500, ɗan abin da ya miƙa wa dattawa da ƙanne 6,500. A lissafin rukuni kawai, ƙarshen wata zai ga kuɗin mota sun hau, na magani sun hau, sai ya ɗauka sakaci ya yi, ya fara tunanin rage hawa mota zuwa aiki, alhali zuwa aikin bai ƙaru da ko sisi ba. In kuwa ya sa wa biyar ɗin nan aji ɗaya, nan take zai ga tafiyar ta ci 45,000. Mu tuna kuma mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Mutumin da ya san tafiya ɗaya za ta iya cin fiye da rabin wannan, zai fara ajiye mata wani abu kowane wata, ba zai jira a kira shi a waya da dare ya fita neman rance ba.

Ajin da mu ke ganin ya fi kowane muhimmanci ga ƙaramin ma'aikaci shi ne na kuɗin da za a mayar masa. Maigidansa a ofis zai aike shi wani gari, a ce ya yi da nasa in ya dawo ya cika takarda a biya shi. Zai sayi takardun ofis da kuɗinsa, zai sa kati ya yi kiran aiki. Waɗannan ba kashewarsa ba ce, bashi ya ke bin ofis. In ya bar su cikin rukunin mota da na kati ba wata alama, abu biyu za su faru: zai ga kamar ya fi ƙarfinsa kashewa, kuma wasu za su shige bai nema ba, domin an san biyan irin wannan yakan ɗauki watanni. In ya ware musu aji, ya kuma sa kuɗin da aka mayar masa a wannan ajin, ragowar da ya gani a ƙasa ita ce abin da har yanzu ya ke bi. Wannan ya kare shi ta ɗaya fuskar ma, domin in an ba shi kuɗin tafiya tun kafin ya tashi, zai san abin da ya rage na gwamnati a aljihunsa, kada ya cakuɗa shi da kuɗin cefane.

Ga mu ɗalibai kuwa, ma'auni na uku da ya cancanci wahala shi ne inda kuɗin suka fito. Tun 2024 da aka fara ba da rancen karatu na NELFUND, aka sa kuɗin ɗawainiya naira 20,000 a wata, ɗalibi yana iya samun kuɗi kala uku a asusu ɗaya: na iyaye, na ɗan abin da ya ke taɓawa na sana'a, da na rance. A banki duk launinsu ɗaya, amma na ukun biya za a yi, doka ta ce daga shekara biyu bayan gama hidimar ƙasa. Ya kamata mutum ya iya duba baya ya ga me ya yi da su, littafi ne ko kuwa katin kallon ƙwallo.

Sai dai akwai aikin da manhaja ba za ta ɗauke mana ba, kuma masu talla ba su cika faɗinsa ba. Manhajar da ke haɗe da banki tana iya cika rukuni da kanta, domin in ta ga sunan gidan mai ta san mai aka sha, in ta ga kantin magani ta san magani ne. Aji kuwa ba ta da hanyar saninsa. Banki ya san wanda aka biya, bai san dalili ba. A wurinmu ma abin ya fi haka, domin ciniki da yawa da tsabar kuɗi a ke yi, wanda aka tura ta waya kuma sunan mutum za a gani, ba a san ko mai shayi ne ko tela ba. Saboda haka tilas a rubuta a ranar, tun ba a manta ba. Wanda ya bari sai ƙarshen wata, rabin layukansa za su fito ba aji, rahoton da rabinsa ba aji kuwa ya fi rashin rahoto haɗari, domin mutum zai gaskata shi. Gara a sa wa kowane layi aji, ko da "na kai" ne, a hana gurbin zama fayau.

Wasu ƙananan abubuwa biyu da su ke rikita sabon shiga. Cire kuɗi a wurin mai POS ba kashewa ba ce, kuɗin sun tashi ne daga banki sun koma aljihu; ladan mai POS ɗin shi ne kashewa. Haka zubin adashi ajiya ce, ranar kwasa kuma ba riba aka ci ba. Na biyu, in an sayi buhun shinkafa aka raba, rabi gidan mutum rabi gidan iyayensa, sai a raba layin gida biyu, rukuni ɗaya aji biyu. Manhajojin da muka ambata duk suna da hanyar raba ciniki ɗaya kashi-kashi.

Mun san akwai wata magana da ke ran wasu a zauren nan, gara mu fito da ita da kanmu. Za a ce ɗan halak ba ya ƙirga abin da ya yi wa iyayensa, wanda ya buɗe wa mahaifiyarsa shafi kuwa ya kama hanyar gori. Maganar tana da nauyi, ba za mu yi mata dariya ba, domin lalle akwai wanda in ya ga adadi a rubuce zuciyarsa takan ƙuntata. Amma mu dubi ɗaya gefen. Gori a baki ya ke, sai an faɗa wa wanda aka yi wa. Lissafi kuwa tsakanin mutum da aljihunsa ne. Wanda bai san abin da gida ya ke ci a wata ba, shi ne zai yi kyauta da yawa a makon albashi, mako na uku a kira shi a kan magani ya ce babu. Wanda ya sani yana iya ware na gida tun ranar farko, ya gina sauran rayuwarsa a kan ragowar. Shawararmu dai ita ce a yi hankali da sunaye. A ce "gida" a dunƙule, kada a buɗe wa kowane ɗan'uwa aji da sunansa, domin waya tana shiga hannun mutane, kuma ba ƙaramin tashin hankali ba ne ƙane ya ga an jera abin da aka kashe masa kusa da na ɗan'uwansa. Sai fa in bashi ne, wannan kam a rubuta suna da rana.

Abu na ƙarshe shi ne manhaja tana mutuwa. Mun ce an daina sayar da Money a 2009. Abin da aka bar wa masu ita a 2010 wata fitowa ce ta sallama wadda ba ta haɗuwa da banki. Mint, wadda ta fito a 2007, Intuit ya saye ta a 2009, mutane da yawa suka zuba mata lissafin shekaru, an rufe ta a watan Maris na 2024. In za a ƙaura daga wata manhaja zuwa wata, rana da adadi da rukuni sukan haye lafiya, aji shi ya fi saurin faɗuwa a hanya, domin kowace da irin nata tsarin, wata ma ba ta da shi sam. Shi kuwa shi ne wanda ba za a iya sake gina shi daga takardar banki ba. Saboda haka kafin mutum ya ba wata manhaja amanarsa, ya shigar da layi goma, ya fitar da su a fayil irin wanda Excel ya ke buɗewa, ya duba ko gurbin aji ya biyo su. In bai biyo ba, ya nemi wata.

Wanda ba ya son dogara da kowace manhaja, shafin Excel ko Google Sheets ko LibreOffice Calc ya ishe shi, dukansu kuwa suna iya zana teburin nan mai rukuni a kwance da aji a tsaye cikin ɗan lokaci. Wanda ba shi da kwamfuta ma littafin rubutu mai layi ya isa, a ja masa gurabe da rula. Abin da muka yi ke nan a ƙungiyar tamu bayan abin da ya faru: littafin ma'aji yanzu gurbi shida gare shi, rana, wanda aka biya, adadi, rukuni, hidima, da lambar rasidi. Abin da har yau mu ke gardama a kansa a kwamiti shi ne lasifikar da muka saya don makon al'adu amma kowace hidima ta ke amfani da ita: wasu sun ce a ɗora wa makon duka, wasu sun ce a raba wa hidimomin shekara, wasu kuma sun ce a buɗe mata aji na kayan ƙungiya. Tun da akwai akantoci a cikin yayyenmu a nan, Shugaba, in an zo lokacin tambayoyi muna roƙon a fara ba su dama su raba mana wannan gardama.